Kwana Biyu a Kotnari: Me Wanda Ba Ya Shan Giya Zai Gani a Ƙasar Inabi?

 

Tun da na dawo daga Romaniya tambaya ɗaya ake ta jefo mini, a gida da majalisa har da wurin taron ƙungiyarmu: me ya kai ka garin masu giya? Wani abokina ma cewa ya yi, "Kai da ko zoɓo in ya kwana ba ka sha, me ka je nema wurin mutanen da sana'arsu ke nan?" Dariya na yi a lokacin, amma tambayar ta cancanci amsa, shi ya sa na ɗauko ta yau. Na je, ban sha ba, kuma ina ganin na ga abin da yawancin masu zuwa don sha ba sa gani. A ra'ayina, wanda ya je yankin inabi ya tsaya a ɗakin ɗanɗano na kamfani, ya sayi kwalba ya juyo, bai ga yankin ba. Wanda kuma ya ƙi zuwa gaba ɗaya don kada idonsa ya faɗa kan kwalba, shi ma abin da ya wuce shi ke nan. Dukansu biyu ba su ga manomin ba.

Ga yadda aka yi. Yayana yana karatun likita a Yash, babban birni a arewa maso gabashin Romaniya, ba nisa da kogin Purut. Kogin ne iyaka tsakanin Romaniya da Jamhuriyar Moldoba, amma harshe ɗaya ake yi a gaɓa biyun, wato Romaniyanci, ɗan uwan Italiyanci da Faransanci. Na kai masa ziyara a farkon Oktoba. Wani abokin karatunsa ɗan ƙasar ya ce zai je ƙauye wajen kakanninsa saboda kaka ta yi, ana tsinkar inabi, in muna so mu bi shi. Ƙauyen yana gefen Kotnari. In ka ambaci Kotnari ga ɗan Romaniya inabi ke faɗo masa a rai, kamar yadda kifi ke faɗo mana in an ce Argungu. Na ɗan yi jim, na ce wa Yaya, "Anya kuwa?" Ya ce, "Kai dai tashi mu je, gona za mu, ba mashaya ba."

Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna a mota. Mun bi ta wani gari mai suna Targu Furumos, ma'anarsa kyakkyawar kasuwa, daga nan muka yi arewa. Sai ƙasa ta fara tashi tudu-tudu, kowane tudu an jera masa kurangar inabi sahu-sahu a kan waya, daga gindi har kusa da kai. Kotnari na cikin wuraren da suka fi kusa da arewa a duk inda ake noman inabi a ƙasar, kuma sanyin wurin ba na wasa ba ne. Abin da ya sa inabi ke yi shi ne tuddan suna tare iskar arewa, gangaren kuma yana fuskantar rana, ƙasar tana da farin dutse irin wanda kuranga ke so. A hanya mun wuce keken doki ɗauke da kwanduna, da rijiyoyi masu rufi a bakin titi waɗanda kowa zai iya tsayawa ya ja ruwa.

Gidan da muka sauka ƙarami ne, tsakar gida a share, an yi mata rumfa da kuranga, nonon inabi na reto a saman kanka. Tsoho da tsohuwa ne kawai a ciki. Mun gaisa da ɗan abin da na koya, "Buna ziwa," jikan yana yi mana tafinta. Ba mu gama zama ba tsohon ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da suke kira beci, ya fito da tulun giyar da ya yi da hannunsa, ya jera kofuna huɗu. Nan ne wurin da nake tsoro tun a mota. A wurinsu wannan tulun shi ne ruwan baƙo, shi ne kuma shaidar cewa mai gida ba rago ba ne. Ƙin karɓa zai iya zama kamar ka ture hannun dattijo.

Yaya ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce ba ma sha. Tsohon ya dube mu, ya tambayi jikansa ko ba mu da lafiya ne. Aka ce masa a'a, addini ne. Ya yi shiru kaɗan, sai ya gyaɗa kai ya ɗauke kofuna biyu. Ta bakin jikan ya ce shi ma ya san hani, don su Kiristocin Otodoks suna barin nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kwana 40 kafin Kirsimeti, da makonni kafin Ista. Ya ce mutumin da ke da abin da ba ya ci, mutum ne da za ka iya bar wa ajiya. Tsohuwa ba ta ce komai ba, ta fita ta dawo da ruwan inabin da aka matse da safen nan, wanda suke kira must. Zaƙinsa har kama maƙogwaro yake, babu ko ɗigon barasa a cikinsa. Ta kuma sauya abin da za ta dafa saboda mu, ta ajiye naman alade gefe, ta tuƙa mamaliga, wato tuwon masararsu, da cukun tumaki da miyar wake. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu kuwa duka biyun muka samu.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma shi nake so masu yi mini tambayar nan su ji. Abin da nake tsoro bai ɗauki minti biyu ba. Da na ƙi zuwa saboda waɗannan mintuna biyun, da na yi asarar kwana biyu.

A wannan ruwan na must na fara fahimtar sana'ar. Tsakanin abin da na sha da abin da na ƙi sha, 'yan kwanaki ne kawai. A jikin ɓawon inabi akwai yis na halitta. In aka matse aka bar ruwan a ganga, yis ɗin zai fara cin sukarin, yana mayar da shi barasa, yana fitar da iskar da ba ta shaƙuwa. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan beci take taruwa. Shi ya sa a wannan lokacin tsohon ba ya sauka sai da kyandir a kunne a hannunsa, yana riƙe da shi ƙasa-ƙasa. In wutar ta mutu, juyawa zai yi da sauri, don mutane na mutuwa a haka. Ni dai na sha na ranar, washegari da na ji ya fara ɗan cizon harshe na ajiye kofin. Da aka zo matsa kuma aka ce in kama hannun injin, na ba da haƙuri. Tsinkar inabin da za a kai ganga ma ban sa hannu ba. Sai na zauna wurin tsohuwa ina taya ta ɓare masara, aikin da na iya tun ina yaro. Ba wanda ya ɓata rai.

Da yamma tsohon ya zagaya da mu gonarsa, 'yar ƙarama a gefen tudu. In ka dasa kuranga, sai ka yi kamar shekara uku kana yi mata hidima kafin ta ba ka abin kirki, amma in ta kama za ta iya kai wa jikanka. A ƙarshen sanyi ake yi mata aski, a yanke yawancin rassan bara a bar 'yan idanu kaɗan, don in ka bar ta da yawa 'ya'yan za su yi yawa su rasa zaƙi. Ranar 1 ga Fabrairu suke bikin wani waliyinsu mai suna Tirifon, wanda suka ɗauka mai kula da masu inabi, a yayyafa wa gonaki ruwan addu'a. Da ganye ya fito sai ɗaurin rassa, sai cire ciyawa, sai feshi da wani shuɗin dutse da ake jiƙawa a haɗa da farar ƙasa, maganin fumfunar da ke cin ganye. Sanyin dare ɗaya bayan tsiro ya fito zai iya ƙone amfanin shekara. Ƙanƙarar minti goma a tsakiyar zafi za ta iya yin haka. In an tsira daga waɗannan, tsuntsaye na jira a kaka. Kafin dusar ƙanƙara kuma sai a tara ƙasa a gindin kowace kuranga don kada sanyi ya kashe ta.

Iri huɗu aka san Kotnari da su tun da, duka farare. Akwai Girasa, ma'anarta mai ƙiba. Akwai Fetiyaska, sunan daga kalmarsu ta yarinya ya fito. Akwai Tamayowasa, mai ƙanshin turaren wuta, wadda na ci nono guda a tsaye ban sani ba. Ta huɗun ita ce Firankusha, mai ɗan tsami. Girasa ce sarauniyarsu, kuma nomanta kasada ne. Barin ta ake yi a jikin kuranga har bayan an tsinke sauran, a jira wata irin fumfuna ta kama ta, ta tsotse ruwan, 'ya'yan su yamutse, sukari ya taru. In hazo ya sauka da safe rana ta fito da hantsi, an dace. In ruwan sama ya zarce, ruɓewa za ta yi, a tashi a tutar babu. Duk wanda ya taɓa barin amfaninsa a gona yana jiran ya ƙara ƙosawa, yana kallon sama, ya san irin wannan bugun zuciyar.

Gonar nan kuma tana ɗauke da tarihin ƙasar. Ana danganta ɗaukakar Kotnari da Sarki Istefan Mai Girma, wanda ya mulki Moldoba daga 1457 zuwa 1504, yana da fada a Harlau, garin da ke kusa, inda yanzu akwai gidan tarihin inabi. A shekarun 1560 har makarantar Latin aka buɗe a Kotnari. Amma tarihin da ya fi zama mini a rai shi ne wanda tsohon ya ba mu a tsaye a bakin kunya. A shekarun 1880 wani ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka ya riga ya cinye gonakin Faransa, ya iso Romaniya. Saiwa yake ci, kuranga ta bushe a tsaye. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauko gindin kurangar Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗora masa reshen ta gida. Har yau yawancin inabin Turai a kan gindin Amurka yake tsaye. Ya durƙusa ya nuna mana ƙullin auren da yatsa.

Bayan ƙwaro sai gwamnati. Daga 1949 zuwa 1962 mulkin gurguzu ya tattara gonakin manoma ya mayar da su na haɗaka. Tsohon yana yaro aka karɓi gonar mahaifinsa, ya girma yana aiki a cikinta a matsayin lebura. Mulkin ya faɗi a Disambar 1989, a 1991 aka yi dokar mayar wa mutane filayensu, iyali ɗaya bai wuce hekta 10 ba. Ya karɓi 'yan guntayen da suka zo hannunsa yana da ƙarfinsa, ya sake dashe, yana tunanin ya gama wa 'ya'yansa.

Sai hanya ta buɗe. Romaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2007, miliyoyin mutane suka tafi ci-rani Italiya da Sifaniya da Jamus da Ingila. A ƙidayar 1992 ƙasar na da mutum miliyan 22.8, a ta 2021 kusan miliyan 19 ne. Ba sai an karanta maka wannan lissafin ba in ka bi layin ƙauyen da ƙafa. Ga gida sabo fil mai bene, an gina da kuɗin Italiya, ƙofa a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida. Ga gonar inabi kusa da ta tsohon, waya ta tsinke, kuranga ta kwanta cikin ƙaya. 'Yar tsohon tana can Italiya tana jinyar tsofaffin wasu, nata tsofaffin suna nan su biyu. Ɗansa yana tuƙa babbar mota tsakanin ƙasashe. Jikan da ya kawo mu likita zai zama, kuma da bakinsa ya ce mana ba ya jin zai zauna. A da, in ji tsohuwa, gayya ake yi wa tsinkar inabi, yau gidan wannan gobe gidan wancan, a ci a sha a yi waƙa. Bana mutum shida aka samu, huɗu daga ciki sun haura sittin.

Na tambayi tsohon wa zai yi wa kurangar aski bayansa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce mai yiwuwa kamfani ya saya ya haɗa da nasa, mai yiwuwa kuma ƙaya ta saya kyauta. Ya faɗa yana dariya, tsohuwa ba ta yi ba.

Wannan shi ne abin da ke faruwa a ƙasar inabin, kuma ba ya cikin takardun tallan da ake raba wa masu yawon buɗe ido. Mun ga motocinsu a bakin manyan kamfanonin yankin. Ana sauke su, a zagaya da su cikin ganguna, a ba su kofuna, su ɗauki hoto, su koma mota. Ban ce ana cutarsu ba, abin da suka biya suke samu. Amma su ƙarshen aikin suka gani, alhali wata goma sha ɗaya da rabi na shekarar a gona yake, a hannun mutanen da ba a kai su wurinsu. Ni da ba ni da abin yi a ɗakin ɗanɗano, dole ta sa na zauna a tsakar gida, kuma a nan labarin yake.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce duk wannan yabon haƙuri da ƙwarewa, a ƙarshe dai giya ake yi, kuma addininmu bai tsaya ga hana sha ba, ya haɗa da mai matsawa da mai ɗauka da mai sayarwa. Haka ne, shi ya sa ban sha ba, ban matsa ba, ban tsinka ba, ban kuma sayo wa kowa tsaraba ba. Amma kallon gona da sauraron dattijo ba sa cikin wannan jerin. Za su kuma ce ba da irin wannan labarin talla ne. To bari in faɗi sauran abin da na gani. Da ƙarfe tara na safe, a bakin kantin ƙauyen, maza uku ne zaune da kwalabe, ɗaya ba ya iya miƙewa. Tsohuwa ta rage murya ta ambaci gidaje biyu a layinsu da sha ya rusa, ɗaya matar ce ta gudu saboda duka. Yaya ya ce a asibitin da suke koyon aiki masu ciwon hanta ba sa yankewa. Romaniya na cikin ƙasashen Turai da aka fi shan barasa, kuma su kansu ba sa ɓoye wannan. Mai talla ba zai faɗa maka haka ba. Wanda ya zauna a gida ya yanke hukunci daga nesa shi ma ba zai iya faɗa ba, don bai gani ba, ji ya yi. Gani kuwa ya kori ji.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a naɗe mutanen nan gaba ɗaya a kalma ɗaya, a ce mashaya, a wuce. Tsohon da ya ɗauke kofuna biyu ba tare da ya tambaye ni hujja ba, da tsohuwar da ta sauya tukunya saboda baƙon da ba ta taɓa gani ba kuma ba za ta sake gani ba, sun girmama abin da na yi imani da shi fiye da yadda na zata. Mafi ƙarancin abin da zan rama musu shi ne in ba da labarinsu daidai, da mai daɗin da marar daɗin.

Ga duk wanda Allah ya kai shi irin wannan wuri, ko Kotnari ne ko wani yankin inabi na Romaniya ko na Moldoba, shawarata kaɗan ce. Ka je tsakanin tsakiyar Satumba da Oktoba, lokacin tsinka. Ka nemi wanda zai kai ka gidan manomi, kada ka tsaya a ƙofar kamfani. Ka faɗi abin da ba ka ci da abin da ba ka sha tun a farkon zama, a fili, da fara'a, kada ka ɓoye a bayan ƙaryar ciwon ciki. In an ba ka must, ka tambaya yaushe aka matse. Ka koyi "multsumesk", wato na gode, za ka yi ta buƙatarta. Ka nemi aikin da zuciyarka ta natsu da shi ka kama, don baƙon da ya naɗe hannu ba a sakin baki da shi. Sannan ka yi tambaya a kan gona: shekarar da sanyi ya fi yin ɓarna, wa ya dasa wannan sahun, ina yaran suke.

Da za mu tafi, tsohuwa ta cika mini leda da inabin rumfar tsakar gida, ta ɗora cuku a kai, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi wata magana mai tsawo. Na tambayi jikan me ta ce. Ya ce cewa ta yi in gaida mahaifiyata, kuma kada in bar ta ita kaɗai ta daɗe tana jira. Mun cinye inabin kafin mu isa Yash. Saƙon na kawo shi gida, na kuma faɗa wa Yaya a mota cewa da shi ma take.

Wanda yake ganin na yi kuskure da na je, ina sauraron hujjarsa, a yi ta cikin mutunci kamar yadda muka saba. Allah ya sa mu dace, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.